Harimin Ruwa da Awon Igiya

Duk wanda ya daɗe a aikin tsara birane a ƙasar Kano ya san tambayar da mai gona yake fara jefo mana idan muka hana shi yanka ta fuloti-fuloti saboda tana bakin rafi: da wace hujja? Tambaya ce ta haƙƙi, amsarta kuwa ta girme mu duka.

Tun gabanin zuwan Turawa malamanmu na Malikiyya suna karantar da babin harimi, watau filin da ake keɓe wa rijiya ko kogi ko gari, wanda bai halatta wani ya raya shi ya mallake ba, domin maslahar jama'a ta rataya a kansa; Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya yi talifi musamman a kan hukuncin matattun filaye, mai suna Ta'alimur Radi. Manomin da bai taɓa buɗe littafi ba shi ma ya san fadama ta rake ce da shinkafa, ba ta ɗakin kwana ba, kuma dagaci ba ya bai wa baƙo mazauni a kwari.

Da Turawa suka zo, sai suka sanya ƙasar Arewa a hannun Gwamna a 1910, sa'an nan Gwamna Lugga ya kafa dokar garuruwa ta 1917, wadda, in za a faɗi gaskiya, sauro da lafiyar Bature suka dame ta, ba ambaliyar da ke cin gidan talaka ba. Ai saboda haka aka riƙa barin fili yadi 440 tsakanin unguwarsu da tamu. Dokar 1946, wadda aka kwaikwayo daga ta Ingila ta 1932, ta bai wa hukuma ikon ta ayyana yanki ta ce ba a gini a cikinsa sai da izini, kuma bayanta aka zana tsarin Kano na shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983.

Amma hujjar da muka fi dogara da ita ita ce dokar ƙasa ta 1978, wadda ta ce ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamna, abin da mutum ya mallaka haƙƙin zama ne kurum, ba ya sayar da shi sai da yardar hukuma, kuma ana iya karɓe shi idan maslahar jama'a ta rinjaya. Dokar tarayya ta 1992 ta zo da tsarin neman izinin gini dalla-dalla, sai dai a 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da jihar Legas ta shigar, ta hukunta cewa tsara birane hurumin jihohi ne, saboda haka nauyin ya komo kanmu kacokan.

To, hujja ba ta yi ƙaranci ba. Igiya ce ta fi taswira sauri. Magada su raba gonar bayan gari, dillali ya zo da igiyarsa da turaku cikin rani, lokacin da kwari ya bushe ƙayau har mai saye ba ya gane hanyar ruwa ce, mai unguwa ya sa hannu, kafin safiyo ya iso an kai linta. Haka aka cike kududdufan birni da shara aka ɗora gidaje, alhali su ne ke shanye ruwan damina kafin ya gangara rafin Jakara. A nawa ganin, wurin da doka take da ƙarfi shi ne ranar awo, domin dokar 1978 ba ta biyan diyyar ƙasa tsagwaronta, sai abin da aka gina ko aka shuka. Idan aka bari har an yi rufi, babu abin da ya rage wa ma'aikaci face jan fenti da motar rusau, kuma da wuya gwamna ya sa hannu a kan wannan idan zaɓe ya ƙarato.