Girgizar 1939 da Unguwar da Ta Taso Bayanta

Ranar Alhamis 22 ga Yunin 1939, tsakanin magariba da lisha, wajen ƙarfe bakwai da minti ashirin, ƙasa ta girgiza a Akra. Ƙarfin girgizar ya kai maki 6.5, cibiyarta kuma tana cikin teku, kudu maso yamma da birnin. Mutum 17 suka rasu, 133 suka ji rauni, gine-gine masu yawa suka zube ko suka tsattsage tun daga Jamestown har Osu, aka kuma ji motsin har Legas da Ibadan. Mutanen Akra a lokacin ba su kai dubu ɗari ba, kuma lokaci ne da galibinsu ke tsakar gida ko ƙofar gida, ana girki ana hira. Da cikin tsakar dare ta zo, da makokin ya fi haka yawa.

Hausawan birnin sun ga wannan dare da idonsu. Tun 1881 Malam Naino, mutumin Katsina, ya kafa zango a tsakiyar Akra, ɗansa Malam Bako kuma ya ja jama'a zuwa Sabon Zongo, yamma da tafkin Korle, wajen 1912. Unguwar Nima kuwa jaririya ce a 1939. A 1931 ne Malam Amadu Futa, malami kuma mai fataucin shanu, ya samu filin daga iyalan Odoi Kwao na Osu, kuma ranar da ƙasa ta motsa babu abin da ke wurin sai 'yan gidaje da makiyaya da ciyawa.

Bahaushen Kano ko Maraɗi na ɗaukar girgizar ƙasa labarin Japan ne da Turkiyya da Iran, kuma yana da hujjarsa. Manyan girgizoji sun fi aukuwa a gaɓar da faifayen ɓawon duniya ke gogar juna, Afirka ta Yamma kuwa tana zaune ne a tsakiyar faifanta, kan wasu duwatsu da ke cikin mafiya tsufa a duniya. Amma kudancin Gana ya daɗe da fita zakka. A 1615 an ji girgiza a Elmina. A Disambar 1636 wata ta rufta ramin haƙar zinariya na Turawan Fotugal a yankin Axim, ta binne ma'aikata. Ta 10 ga Yulin 1862 ta lalata ganuwoyin Turawa da ke bakin tekun Akra, har fadar Christiansborg ta Osu ta gagari zama. Duk da haka, bayan shekara goma sha biyar kacal, a 1877, Ingilishi suka ɗauko hedikwatar mulkinsu daga Cape Coast suka kawo ta nan. A 1906 ƙasa ta sake motsawa a wajen Ho.

Dalilin yana ƙarƙashin ƙafa. Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, manyan ɓangarorin ƙasa suka yi karo a wannan yanki, duwatsu suka hau kan juna, suka bar jerin tsaunukan da ke tashi daga yammacin Akra, su bi ta Aburi, su ratsa Togo har Atakora a arewacin Benin. Wannan karo ya bar doguwar tsaga a cikin dutse, wadda masana ke kira tsagar Akwapim. Daga baya, sama da shekara miliyan 100 da suka wuce, Afirka da Amurka ta Kudu suka rabu, tekun Atlantika ya buɗe, aka samu wata tsagar da ke bin gaɓar tekun Gana daga cikin ruwa. Tsagogin biyu suna haɗuwa ne yamma da Akra, wajen Nyanyano, ba nisa da Weija da McCarthy Hill, kuma nan ne galibin ƙananan girgizojin da na'urori ke kamawa suke fitowa. A 1969 Kevin Burke, wanda ke koyarwa a Jami'ar Ibadan a lokacin, ya nuna cewa wuraren da ƙasa ke motsi a wannan gaɓa su ne inda manyan tsagogin ƙarƙashin Atlantika, irin ta Romanche, suke iso Afirka.

Yadda tsaga ke haifar da girgiza kuwa, sai a 1966 William Brace da James Byerlee suka nuna shi a ɗakin gwaji a Amurka. Suka matse duwatsu masu tsaga da ƙarfi, suka ga ɓangarorin ba sa zamewa a hankali: sukan cije, su cije, sannan su kufce gaba ɗaya. Wanda ya taɓa jan buhun masara a kan daɓen siminti da igiyar roba ya san abin. Robar na miƙewa, buhun na nan daram, sai can ya zabura. A Akra robar na miƙewa a hankali ƙwarai, shi ya sa ake yin shekaru masu yawa shiru har mutane su manta, kuma shi ya sa babu masanin da zai iya sa wa zaburar rana.

Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa Hukumar Binciken Ƙasa a 1913 ƙarƙashin Albert Kitson, ba don girgiza ba, don zinariya da sauran ma'adinai. A 1914 aka girka na'urar auna girgiza a Akra, ta yi aiki har 1933 ta tsaya. Wato ranar da aka fi bukatarta, shekara shida ke nan da yin shirunta. Shugaban hukumar na lokacin, N. R. Junner, da abokan aikinsa sai suka koma bin ɓarnar unguwa-unguwa da ƙauye-ƙauye, suna duba bango suna tambayar mutane, suka fitar da rahotonsu a 1941. Abin da suka gano har yau shi ne ginshiƙin maganar. Ginin da ke kan dutse mai ƙwari ya fi tsira. Wanda ke kan yashi da laka, irin na gefen tafkuna da bakin rafuka, ya fi shan wuya, domin ƙasa mai taushi tana ƙara wa girgiza ƙarfi. Sai a 1973 aka sake girka na'ura a Kukurantumi, aka kafa tashoshi na zamani a 2012, kuma masana 'yan ƙasa irin su Paulina Amponsah suka ci gaba da auna yadda kowace irin ƙasa a Akra za ta amsa idan babba ta zo.

Girgizar 1939 ta sake fasalin birnin. Gwamnati ta gina gidaje sama da dubu don waɗanda suka rasa muhalli, a Korle Gonno, Mamprobi, Chorkor, Kaneshie, Abossey Okai da Osu, da tituna a jere da fili tsakanin gida da gida. Nima ba ta cikin wannan rabo, don a lokacin tana wajen iyakar hukumar gari, kuma haka ta zauna har farkon shekarun 1950. Cikin wannan tsakani Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, sansanonin soja da filin jirgin sama suka buɗe ƙofar aiki, masu dafa abinci da masu gadi da leburori da 'yan kasuwa suka kwararo daga arewacin Gana, Najeriya, Nijar, Togo da ƙasar Mossi. Kowa ya je gun mai unguwa ya nemi wurin kafa ɗaki. Ba taswira, ba izinin gini, ba mai cewa a bar hanya. Unguwar Maamobi ta bi sahu, babbar kwata ta ratsa tsakaninsu. Unguwar da ke cikin mafiya cunkoso ta taso ne daidai lokacin da sauran birnin ke koyon darasin girgiza, ita kuma ba a gayyace ta ajin ba.

A ganina nan ne maganar take. Nima ba ta kan tsagar Akwapim, ba ta kuma bakin tafkin Korle, amma tsakaninta da Weija bai kai kilomita 20 ba, kuma a siffar da take a yau babbar girgiza ba ta taɓa gwada ta ba. Tsohon gidan ƙasa mai rufin kwano idan ya faɗi, ɓarnarsa da sauƙi. Yanzu kuwa magada sun yi yawa, fili ya ƙare, sai sama: a ɗora bene kan harsashin da ba a haƙa don bene ba, da bulon da aka yi wa rowar siminti da rodin da mai gida da birkila suka yi ciniki a kansa. Ba zango kaɗai ke wannan ba. Katafaren shagon Melcom da ya rufta a Achimota ranar 7 ga Nuwambar 2012, ya kashe mutum 14, ba girgiza ce ta kayar da shi ba. Abin da ya keɓanta da zango shi ne lungu. Akwai inda makara ke wucewa da ƙyar, balle motar kwana-kwana.

An ɗan ɗanɗana abin a daren 17 wayewar 18 ga Janairun 2010, kwanaki kaɗan bayan girgizar ƙasar Haiti, lokacin da saƙon waya na ƙarya ya bazu cewa girgiza na tafe. Mutane a faɗin Gana suka fito da tabarmi suka kwana a waje. Ta gaske kuwa ba ta aiko da saƙo: ta zo sau uku a farkon 1997, ta dawo a 2018 da 2019, sannan 24 ga Yunin 2020 da 12 ga Disambar 2022, waɗannan biyun na ƙarshe wajen maki 4. Kada lambar ta ruɗi mai karatu. Tsakanin maki 4 da maki 6.5, ƙarfin da ke fita ya ninka fiye da sau dubu biyar, kuma ƙananan ba sa rage wa babbar komai a zo a gani. Yankin Akra da kewaye kuma, a ƙidayar 2021, ya haura mutum miliyan biyar.

A takarda an yi ƙoƙari. An kafa hukumar agajin gaggawa ta NADMO a 1996, Hukumar Binciken Ƙasa ta samu sabuwar doka a 2016, aka ƙaddamar da ƙa'idojin gini na ƙasa a 2018. A 2017 aka kafa ma'aikata da asusu na musamman don raya zanguna, aka shimfiɗa filayen ƙwallo masu ciyawar roba a wurare irin unguwar Madina. Wasu sun yi musu dariya, ni kuwa ban yi ba, don fili buɗaɗɗe shi ne abu na farko da ake nema idan bango ya fara rawa. Sai dai ƙa'idar gini kan sabon gini take aiki, Nima kuwa an riga an gina ta. Aikin da ya rage shi ne injiniyoyi su shiga lungu tare da sarakunan zango da limamai, su fara duba ginshiƙan makarantun Islamiyya da masallatai masu bene, inda ɗaruruwan mutane ke taruwa ƙarƙashin rufi ɗaya sau biyar a rana.