Yadda Aka Sami Alƙalai da Malaman Kotu a Ƙasar Kazaure

Kafin zuwan Turawa, alƙali a ƙasar nan ba shi da wata takardar shaida sai shaidar malamansa. A zaure yake karanta Risala da Askari da Muhtasar, ya daɗe yana zaman muhuti a gefen wani alƙali, sa'an nan sarki ya naɗa shi. Abincinsa kuwa daga ushira yake fitowa. Da aka kafa baitulmali sai aka yanka masa albashi, aka ajiye masa magatakarda mai rubuta ƙara da hukunci da tara, domin Di'o ya riƙa dubawa.

To, a nan wahala ta ɓullo. Malamin zaure ya san shari'a, bai san boko ba. Yaron Midil kuwa ya iya boko da lissafi, amma in an tambaye shi rabon gado sai ya yi tsuru-tsuru. Don a haɗa biyun aka buɗe Makarantar Shari'a a Kano a 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka ɗauko mata shehunai daga Sudan. A 1947 aka faɗaɗa ta, ta zama Makarantar Ilmin Larabci. Malam Abubakar Gumi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962, almajirinta ne.

Kazaure tana cikin Lardin Kano a lokacin, amma En'enta dabam, baitulmalinta ƙarami. Abin da ke shiga daga harajin su Roni da Gwiwa ba a haɗa shi da na Kano, wadda har Babura tana ƙarƙashinta. Saboda haka tura yaro karatu ya fi riƙe shi sauƙi. In ya gama, ga En'en Kano kusa, ga Gwamnati a Kaduna, kowacce aljihunta ya fi namu nauyi. Ni dai ban ga laifin wanda ya tafi ba, mai iyali ne.

Da aka shigo da dokar Final Kod a 1960, sai aka riƙa kiran alƙalai Zariya su yi kwas, har dattawan da suka yi furfura a kan buzu. Bayan juyin mulkin 1966 aka karɓe kotuna daga hannun En'e, naɗi da albashi da canjin wuri duk suka koma hannun Gwamnati. En'en ita kanta aka rushe ta a 1976.