Daga Filasko Zuwa Robar Wankin Ciki: Tarihin Abin Da Muke Sha



Duk wanda ya fito daga masallaci ranar Juma'a, ko ya ratsa tasha da safe, ya san wannan murya. Mota ce da lasifika a kanta, an jera robobi a bayanta, ana ta lissafa cututtuka: basir, shawara, sanyi, taifot, dattin ciki, ciwon suga, duk roba ɗaya ce maganinsu. Yanzu kuma tallar ta biyo mu har cikin waya, da shayin rage tumbi da garin "wanke jini" da ake aikowa daga Legas ko daga waje. Da yawanmu mun saya, mun sha, mun ba iyalanmu.

A wannan shafi namu kuma, ba a daɗewa ba a ga sanarwar neman taimako ga wani ɗan uwa da ake yi wa wankin ƙoda ba. Ba mu ce roba ce ta kwantar da su ba, domin hawan jini da ciwon suga su ne kan gaba wajen lalata ƙoda. Amma tun da ƙoda da hanta ne ke karɓar duk abin da muka haɗiya, ya kamata mu san asalin abin da muke sha da sunan wankin ciki, da yadda ya canza a hannunmu.

Wankin ciki ba baƙo ba ne a wurinmu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, malami ne da ya yi rubuce-rubuce a kan magani da Larabci. Cikinsu akwai wanda ya keɓe wa ciwon basir, akwai kuma wanda ya yi a kan filasko, ganyen da Larabawa ke kira sana, wanda ake sha don ya saki ciki. Wato kusan shekara 200 da suka wuce, shugabanninmu sun ɗauki wannan al'amari a matsayin ilimi da ake zama a rubuta. Banda malamai, akwai masu sassaƙe da saiwa, da wanzamai, da ungozomomi, kowa da fagensa. Wani likita Bature mai suna Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa, ya tattara sunayen tsirranmu ya buga su a littafi a 1916. Abin da ya rubuta, daga bakin kakanninmu ya ji shi: sabara, marke, maɗaci, tafasa, rai-ɗore da sauransu.

Da jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano a 1912, fataucin goro da na shanu ya bunƙasa, Hausawa suka ƙara kwararowa kudu. A 1916 aka kafa Sabo a Ibadan. Masu magani na cikin waɗanda suka biyo hanya da buhunansu, suka tarar da maƙwabtanmu Yarbawa da nasu jiƙon da suke kira agbo, aka yi ta cuɗanya.

Abin lura shi ne yadda ake cinikin a wancan zamani. Baƙo ba ya sauka sai a hannun maigida, maigida kuma yana ƙarƙashin Sarkin Hausawa. Mai magani sananne ne, an san garinsu, an san wanda ya koya masa. Kana ganin saiwar da idonka, kana iya sansana ta, kai ne za ka kai gida ka jiƙa. Zai ce maka ludayi ɗaya, kwana uku, ka tsaya. Zai tambaya ko mai shan tana da juna biyu. In abu ya ɓaci, an san ƙofar da za a buga. Abubuwa uku ke nan suke tsare mai sha: sanin mai magani, sanin itacen, da sanin ƙa'ida.

Duk da haka, kada mu ɗauka duk abin da aka gada lafiya lau ne. A shekarun 1970, likitocin asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, sun bi lafiyar mata fiye da 200 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa. Sun lura ciwon ya yi yawa ƙwarai a tsakanin matan Hausawa na yankin, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da ake ɗura wa mai jego, haɗe da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gado mai wuta. Kanwa gishiri ce mai nauyi, tana tara ruwa a jiki, zuciyar da ta sha wahalar ciki ta kasa ɗauka. Iyayenmu sun yi hakan ne da kyakkyawar niyya, don a gasa jiki a fitar da sanyi. Niyya ba ta hana illa ba, kuma sai da aka zauna aka ƙirga marasa lafiya kafin a gane.

Babban sauyi ya zo a shekarun 1980. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta faɗi, maganin asibiti ya yi tsada, jabu ya cika kasuwa. Talaka ya koma ga na gargajiya, 'yan kasuwa kuma suka ga hanya. Sassaƙe ya bar buhu ya shiga kwalba, daga baya roba da leda. Aka fara dafa shi a durom, ana manna masa takarda, ana tallarsa a rediyo da cikin motocin haya. A nan ne masu tsaron nan uku suka ɓace. Mai sha bai san wanda ya haɗa ba, bai ga itacen ba, ƙa'ida kuma ta koma "a sha safe da yamma" babu ranar tsayawa, domin mai sayarwa ba ya son ka tsaya.

A 1990, yara 109 suka rasu a Jos da nan Ibadan bayan sun sha farasitamol na ruwa da aka haɗa da wani sinadari mai guba da ke kashe ƙoda. Wannan maganin bature ne, ba na gargajiya ba, amma darasin ɗaya ne: ruwan da ke cikin kwalba, ba a gane lafiyarsa da ido. Wannan musiba na cikin dalilan da suka sa aka kafa hukumar NAFDAC da doka ta 15 ta 1993. Manyanmu suna tuna zamanin Dora Akunyili, daga 2001 zuwa 2008, lokacin da tambayar "yana da lambar NAFDAC?" ta shiga bakin kowa.

Shi kuma sabon sunan da 'yan talla ke yayi, wato ditoks, daga Turai ya zo, kuma can ma yana da tarihinsa. A farkon ƙarni na 20, likitoci da dama a Ingila da Amurka sun yi imani cewa abin da ya daɗe a hanji yana ruɓewa ya zuba guba cikin jini. Wani likitan tiyata a Landan, Arbuthnot Lane, har yanke wa mutane babban hanji yake yi saboda wannan fahimta. Da aka bincika aka ga babu hujja, likitoci suka watsar da ita, amma 'yan kasuwa ba su watsar ba. A 2015, masu bincike biyu a Ostireliya, Klein da Kiat, suka tattara abin da aka rubuta a kan irin waɗannan haɗe-haɗe na kasuwa, ba su sami ko gwaji ɗaya ingantacce da ya tabbatar suna fitar da guba daga jikin mutum ba. Aikin tace jini Allah Ya riga Ya ɗora wa hanta da ƙoda, dare da rana suke yi.

To me ya sa mutum ke jin sakayau bayan ya sha? Yawancin shayin wankin ciki filasko ne a cikinsu, ko danginsa. Aikinsa shi ne ya tsokani hanji ya sa gudawa. Abin da ke fita abinci ne da ruwa, ba wani datti da ya shekara a ciki ba. Ga mai fama da taurin bayan gida, filasko magani ne na gaskiya, har a asibiti ana bayar da shi, amma na 'yan kwanaki. In aka mayar da shi shayin kullum, jiki na rasa ruwa da sinadarin fotasiyam da zuciya ke buƙata, ƙoda ta wahala. Ramar da ake gani a ma'auni kuwa, ruwa ne ya zube, zai dawo.

Abin da ya faru a Beljiyam ya isa ishara. Tsakanin 1990 da 1992, wani wurin rage ƙiba a birnin Brasels ya riƙa ba mata ƙwayoyin da aka haɗa da tsirran ƙasar Sin. An yi kuskure aka musanya wata saiwa da wata mai kusancin suna. Mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa sai da aka koma yi musu wankin ƙoda ko dashe, wasu daga baya suka kamu da kansar mafitsara da hanyar fitsari. Wannan saiwa tana da 'yar uwa a ƙasarmu, ita ce duman dutse, kuma sinadarin da ya yi ɓarnar akwai shi a cikinta. In haka ta faru a Turai, inda likita ne ya rubuta maganin, ina ga garin da aka niƙa aka ƙulla a leda babu suna? Banda kuskure akwai ganganci: hukumomi a ƙasashe da dama sun sha kama "maganin gargajiya" da aka zuba wa ƙwayoyin asibiti na kashe ciwo ko na ƙarfin maza a ɓoye. Wasu kwalaben masu ɗaci da ake sayarwa a tashoshin kudu kuma barasa ce tsagwaronta aka jiƙa saiwa a ciki, abin da ya kamata kowane Musulmi ya duba kafin ya kai baki.

Kada wani ya ce muna rena itatuwa. Tarihi ya nuna akasin haka. Maganin zazzaɓi na kwinin daga ɓawon wata bishiya ta Kudancin Amurka aka tace shi a Faransa a 1820. A tafiyar da Turawa suka yi a kogin Kwara a 1841, fiye da mutum 40 cikinsu zazzaɓi ya kashe. A 1854 Dakta Baikie ya bi Kwara da Binuwai yana ba mutanensa kwinin a kan ma'auni kullum, ya dawo bai rasa ko mutum ɗaya ba. Maganin maleriya da ake ba mu a asibiti yau, asalinsa wani nau'in tazargade ne na ƙasar Sin, kuma Tu Youyou, matar da ta jagoranci gano shi, ta sami kyautar Nobel a 2015. A nan gida, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta karɓi wani haɗi daga hannun Rabaran Paul Ogunyale, mai maganin gargajiya daga ƙasar Oyo, wanda ya ƙunshi masoro, kanumfari, karan dafi da wani itace. Aka auna, aka gwada a kan masu sikila, sakamakon da ya fito a 2001 ya nuna yana rage tashin ciwon. Shi ne Niprisan. Ita dai wannan cibiya ce ta gwada ruwan tazargaden da Madagaska ta aiko a 2020 da sunan maganin korona, ta ce ba ta ga hujjar yana warkarwa ba. Ma'auni ɗaya, ya ɗaga wani, ya ajiye wani.

Saura batun lamba, inda da yawanmu ke ruɗewa. Yawancin magungunan gargajiya da NAFDAC ta ba lamba, za ku ga harafin L a ƙarshenta. Ma'anarsa an duba samfurin da aka kai, ba a ga guba a cikinsa ba, an ba shi izini na shekara 2. Ba ya nufin an tabbatar yana warkar da abin da aka rubuta a jikinsa. Shi ya sa doka ta ce a rubuta a takardar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Akan sa wannan da ƙananan baƙaƙe a can ƙasa, lasifika kuma ba ta taɓa karanta shi. Wanda ba shi da lamba ko kaɗan, ko lambarsa ta ƙare, wannan babu ma wanda ya leƙa cikinsa.

Don haka roƙonmu ga jama'a shi ne mu dawo da tambayoyin da kakanninmu ke yi. Wa ya haɗa, ina yake zaune? Me da me ke ciki? Nawa za a sha, yaushe za a tsaya? Wanda ya kasa amsa waɗannan, kada a ba shi kuɗi, balle ciki. Roba ɗaya da aka ce tana maganin cuta 20, a bar ta inda take. Mai juna biyu, mai shayarwa, ƙaramin yaro, mai hawan jini, mai suga da mai ciwon ƙoda ko hanta, kada su sha komai sai da sanin likita, kuma kada a ajiye maganin asibiti saboda jiƙo. Wanda ya ga ƙafarsa ta kumbura, fitsari ya ragu, ko ido ya yi rawaya, ya nufi asibiti a ranar, ya tafi da robar a hannunsa, ya faɗi gaskiyar abin da ya sha. Likita ba alƙali ba ne.

Ga masu maganinmu na gaskiya da ke cikin wannan al'umma, waɗanda suka gaji sana'ar kuma suke tsoron Allah a cikinta: ku ne kuka fi kowa asara idan masu durom suka ɓata sunan sana'ar. Ku rubuta abin da kuka haɗa, ku yi rajista, ku tura wanda ya fi ƙarfinku asibiti da wuri. Muhammadu Bello bai ji kunyar rubuta ilimin magani don a duba ba.

Lafiya uwar jiki. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, Ya tsare mu da zuriyarmu. Wanda ya karanta, ya karanta wa iyayenmu da ba sa riƙe waya.