Fitilar J5 da Tarihin Hasken Dare a Hanyar Karaye zuwa Rogo

A shekarar 1981 kamfanonin Fiat da Peugeot da Citroën suka fara fitar da wata motar ɗaukar kaya daga masana'antar da suka yi tarayya a kanta a Italiya. Kowanne ya raɗa mata sunansa: Fiat ya ce Ducato, Citroën ya ce C25, Peugeot kuma J5. A Turai ta yi suna ta wata fuska da za ta ba mutumin Rogo dariya, domin tana cikin motocin da aka fi gina wa ɗaki a baya, da gado da murhu da makewayi, iyali su shiga su tafi yawon hutu. Da ta tsufa aka auno ta Afirka ta Yamma, ta zama jakar kwandunan tumatir da buhunan tattasai. Baturen da ke da irinta darare kaɗan yake tuƙi a shekara. Direban nan kuwa dare ne kasuwarsa. Amma kukansu ɗaya ne: fitilar ba ta gani, wane ƙwai za a sa?

Karaye da Rogo, ƙananan hukumomi biyun da dokar Yuli 2024 ta haɗa a ƙarƙashin masarautar Karaye, ƙasar noma ce a kan iyakar Kano da Katsina da Kaduna. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a 1992, kimanin kilomita 90 daga birnin Kano, noman rani ya samu gindin zama. Kayan gwari kuwa ba sa jure rana, kuma dillalin 'Yan Kaba da asuba yake ciniki. Saboda haka lodin yamma ake yi, a kama hanya bayan isha'i, a kan titi mai hannu biyu wanda ba shi da fitilun gefe, inda mai babur da mai amalanken shanu da ɗalibi mai keke duk suke da rabo. A irin wannan hanya fitila ba ado ba ce.

Motocin farko ba su da lantarki. Fitilarsu ta kabayid ce, wannan farin dutsen da masu walda ke jiƙawa ya ba da iskar wuta. Sai direba ya sauko ya ƙyasta ashana kafin ya ga gabansa. A 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya haɗa fitila da batir da injin tayar da mota a tsari guda, daga nan haske ya ƙaru, sai kuma wata matsala ta kunno kai wadda ba a rabu da ita ba har yau: hasken da ke nuna wa mutum hanya shi ne ke makantar da mai zuwa. Duk abin da injiniyoyi suka yi a shekaru hamsin da suka biyo baya ƙoƙari ne na raba wannan gardama, kuma mafi yawansa na iyakance haske ne, ba na ƙara shi ba.

A tsakiyar shekarun 1920 kamfanin Osram na Jamus ya fito da ƙwai mai zare biyu, ɗaya na dogon haske, ɗaya na gajere, abin da direbobinmu ke kira ful da dim. Hikimar tana cikin wani ɗan ƙaramin cokali na ƙarfe da ke ƙarƙashin zaren dim. Shi ke tare hasken da zai faɗa ƙasan kwanon fitilar mai sheƙi ya tashi sama zuwa idon mutane, sai ya zamana hasken yana da iyaka, layi ne sarai: ƙasansa haske, samansa duhu. Wajen 1957 Turawa suka ƙara wata dabara. Suka karkata rabin layin ya ɗaga ta gefen titi, inda masu tafiya a ƙasa da alluna suke, ɗaya rabin kuma ya kwanta ta gefen mota mai zuwa. Da ƙwan halojin ya zo a 1962, sannan nau'insa mai zare biyu, H4, a 1971, wannan tsari aka ɗora shi a kai. H4 ɗin nan mai wat 60 da 55 shi ne har yanzu a fuskar ɗimbin motocin haya na Arewa.

A nan ne tarihin fitila ya gamu da na Nijeriya. Ran Lahadi 2 ga Afrilu, 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, ƙasar ta bar tuƙin hannun hagu da ta gada daga Ingila ta koma dama, don ta dace da maƙwabtanta Nijar da Dahomey da Kamaru da Cadi. Abin da aka fi tunawa shi ne sauya alluna da faɗakarwa a rediyo. Amma duk motar da ke da fitila mai karkataccen layi da aka ƙera don hannun hagu, a dare ɗaya ta koma tana watsa haskenta daidai fuskar mai zuwa, tana barin gefen titi cikin duhu. Ƙwan bai canza ba, ƙarfinsa bai ƙaru ba. Inda yake zuba ne kawai ya zama kuskure. Wannan matsala ba ta mutu ba. Doka ta hana rajistar mota mai sitiyari a dama, don haka ake juya sitiyarin waɗanda suka shigo daga Ingila ko Japan, kuma ba kowane mai juyi ne ke tuna fitilun ba.

Bayan 1975, da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci, aka samu wani ɗan zamani na daidaito: 404 da 504 suka cika tashoshi, fitilunsu na gilashi ne, ƙirar Faransa, kowane mai wayarin ya san su kamar yunwar cikinsa. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da faɗuwar naira suka kawo ƙarshen wannan. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, aka koma 'yan Kwatano, wasu ƙirar Turai, wasu ƙirar Amurka wadda layin haskenta bai kai na Turai kaifi ba. A cikin wannan yanayi aka kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa a Fabrairu 1988, da Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko. Hukumar ta sha gargaɗi a kan tafiyar dare. Gargaɗi ne mai ma'ana, sai dai ba a yi shi da mai tumatir a zuciya ba.

Sai fari ya shigo. BMW ya sa fitilar zenon a 1991, wadda ke ba da lumen kusan 3,200 daga wat 35, alhali dim ɗin H4 lumen 1,000 ne. Fitilar LED ta biyo baya a motocin alfarma kamar Lexus da Audi daga wajen 2007. Waɗannan fitilu an ƙera su ne gaba ɗaya, ƙwai da kwano da gilashi tare, kuma ƙa'idar Turai ta ce zenon mai irin wannan ƙarfi sai da na'urar daidaita tsayinsa da ta wanke gilashi. Abin da ya iso Ƙofar Ruwa da shagunan bakin tasha kuwa ƙwan ne tsirara, mai araha, wanda aka yi wa gindi irin na H4 don ya shiga kowane rami.

Shiga ramin ba shi ne dacewa ba. Kwanon fitilar J5 an lissafa shi ne a kan siririn zare ɗaya da ke zaune a wuri ɗaya, kuskuren milimita guda yana ɓata layin. Ƙwan LED mai araha faranti ne mai haske ta fuska biyu, sau da yawa ya fi zaren kauri kuma ba a gurbinsa yake ba. Sakamakon shi ne gaban bamba ya yi fari fat kamar filin biki, direba ya ji daɗi, nesa kuma ba ta ƙaru ba. Idonsa ma ya saba da hasken kusa, ya rage ganin na nesa. Ragowar hasken ya tashi sama. Mai babur da ke tahowa daga Rogo da buhu a baya sai ya daina ganin bakin kwalta na daƙiƙoƙi, kuma motar da ke gudun kilomita 80 tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. A lokacin hunturu abin ya fi muni, domin hasken da ya tashi sama ƙurar hazo ce ke maido wa mai shi. Wanda aka kashe wa ido jiya kuwa gobe shi ma zai je ya sayi nasa, har ya ƙara da sandar fitilu a saman gilashi. Haka aka shiga ramuwar gayya wadda kowa ke biya.

Ƙasashen da suka ƙera motocin sun ɗauki abin da nauyi. Jamus ta amince da ƙwan LED na musanya a 2020, amma ga jerin motocin da aka gwada shi a fitilunsu ɗaya bayan ɗaya. Birtaniya ta sa a ƙa'idar gwajin lafiyar mota daga Janairu 2021 cewa fitilar halojin da aka cusa wa ƙwan LED ko zenon ta faɗi.

Abin takaici shi ne koken direban gaskiya ne, fitilar tsohuwar mota ba ta gani, sai dai ba kasafai laifin ke ga ƙwan ba. Halojin yana da tsananin kula da wuta: idan tsofaffin wayoyi da makunni da tsatsar mahaɗa suka ci kashi 10 cikin 100 na ƙarfin lantarki, kusan kashi 30 na haske ya tafi. Maganinsa rile ne da waya mai kauri kai tsaye daga batir, aikin sa'a ɗaya ga mai wayarin da ya san hannunsa. Ƙwai mai wat 100 da wasu ke sawa ba ya gyara wannan, narkar da soket yake yi. Kwanon da ya dushe ko ya sha ruwa ba ya maido haske ko da me aka sa masa. Motocin baya-bayan nan masu murfin roba kuma rana ke ƙona su. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta auna a 2018 ta samu murfin da ya yi ja yana ba da kashi 22 kacal na hasken sabo. Ga kuma lodi: J5 da aka danƙara wa kwanduna bayanta zama yake yi, hancinta ya ɗaga, dim ya koma ful ba tare da kowa ya taɓa makunni ba.

A jikin yawancin fitilun ƙirar Turai akwai wani ɗan rubutu da ba a cika lura da shi ba, 1% ko 1,2%. Umarnin saiti ne. Ana tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, mita 10 daga bango, a auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, a ja layi da gawayi a bangon, a kunna dim. Iyakar hasken ya kamata ta sauka santimita 10 zuwa 12 ƙasa da layin, ta ɗaga ta hannun dama kawai. Idan ta kauce, noti biyu ne a bayan fitilar. Idan kuwa babu iyakar sam, sai farin gajimare a bango, to ƙwan da ke ciki ba na wannan kwanon ba ne.