Tseren Juriya da Tsofaffin Motoci: Abin da Ke Lalacewa da Dalilinsa, Daga Filin Tsere Zuwa Hanyar Tambuwal

Tseren mota na juriya ya bambanta da wanda aka saba gani, inda ake sakin motoci a ga wadda za ta riga isa. A nan lokaci ake yankewa, awa 12 ko 24, motar da ta fi cin nisa kafin lokacin ya cika ita ce ta yi nasara. Mafi shahara shi ne na garin Le Mans a Faransa, wanda aka fara a 1923, inda manyan kamfanoni ke zuba dukiya. Amma akwai wani reshe na 'yan sha'awa, malaman makaranta da kanikawa da ma'aikatan ofis, masu shiga da tsofaffin motocin da masu su suka gaji da su. Wannan reshen ne ya fi cancantar nazarin mai karatu a Jabo ko Kebbe, domin motocin da ake gana wa azaba a can sa'o'in waɗanda ke kai mu kasuwa ne, kuma ciwonsu ɗaya.

Yankinmu ya daɗe da sanin wannan wasa. Tseren Paris zuwa Dakar na farko, wanda Thierry Sabine ya shirya, ya tashi ranar 26 ga Disamba 1978 da ababen hawa 182, ya ratsa Tamanrasset da Agadas da Yamai da Gao, amma 74 kaɗai suka ga Dakar. Yawancin waɗanda suka shiga ba ƙwararru ba ne. Wasu 'yan'uwa biyu, Claude da Bernard Marreau, da ƙaramar Renault 4 suka shiga, suka kuma ƙare cikin na gaba-gaba, sannan a 1982 suka cinye gasar da Renault 20. A waɗannan shekarun ne kuma samarin Turawa ke sayen tsofaffin Fijo 504 a Faransa da Jamus, su keto hamada ta Aljeriya da Assamaka, su sayar a Arlit ko Agadas ko Yamai su sami kuɗin jirgin komawa. Rikicin Aljeriya da tawayen arewacin Nijar a farkon shekarun 1990 suka toshe wannan hanya. Ita 504 ɗin ba baƙuwa ba ce: a 1975 ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka a hannun Ove Andersson, a shekarar kuma aka fara haɗa ta a Kaduna. Kusa da gida, bikin kamun kifi na Argungu ya sha haɗawa da gasar motoci, sai dai ba a gina ta kan tsofaffin motoci masu araha ba.

Gasar da aka gina kan araha da gangan daga baya ta zo. A 2002 wani Baturen Ingila, Julian Nowill, ya fara tafiyar Plymouth zuwa Dakar, wadda daga baya ta koma ƙarewa a Banjul, da sharaɗin kada kuɗin mota ya wuce fam 100, in an isa a yi gwanjonta a ba da kuɗin sadaka. A 2006 Jay Lamm ya fara gasar 24 Hours of LeMons a Kalifoniya ta Amurka, inda kuɗin sayen mota da gyaranta ba zai haura dala 500 ba. Alƙalai na duba kowace mota, wanda suka ga ya kashe fiye da haka sai su zaftare masa zagaye. Sai dai dokar ta yi togaciya ɗaya, kuma a kanta wannan nazari ya tsaya: birki da taya da ƙarafan da ke kare direba in mota ta kife da sauran kayan tsira ba sa cikin dala 500. A kan waɗannan mutum ya kashe iyakar ƙarfinsa. Injin da giyar ne aka ce su zauna a tsufansu.

Kafin a shiga cikin inji, akwai lissafin da ke mulkin irin wannan tsere. Motar da ta yi awa 10 tana tafiyar kilomita 90 a awa ba tsayawa ta ci kilomita 900. Wadda ta riƙe 110 amma ta kwashe awa 2 a hannun bakanike ta ci 880. Sauri ya haifi nawa ke nan. Shi ya sa ƙungiyoyin da suka goge ba sa taka totur har ƙasa, suna barin inji ya yi aiki ƙasa da iyakarsa, domin kowane ƙarin gudu ƙarin zafi ne, zafi kuwa shi ne ajalin tsohuwar mota.

Man da inji ke ƙonawa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke zama tafiya. Sauran zafi ne, wani ya fita ta salansa, wani ruwa ya kwashe shi zuwa lagireto. Mota mai shekara 25 ko 30, irin Golf 3 da aka ƙera a shekarun 1990 wadda har yau take cika tashoshinmu, tana iya yawo cikin gari shekara guda ba ta nuna komai ba, saboda ba a taɓa neman cikakken ƙarfinta na awa uku a jere ba. Ranar da aka nema, raunin da ke ɓoye sai ya fito bi da bi. Tiyon ruwa da ya bushe ya tsage, fanbel ya tsinke, famfon ruwa ya fara yoyo ta boris. Mafi ƙanƙanta cikinsu, murfin lagireto, shi aka fi rainawa, alhali shi ke matse ruwa. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100, amma a ƙarƙashin murfi mai lafiya sai ya kai wajen 120 bai tafasa ba. Murfin da robarsa ta mutu ya zubar da wannan rata gaba ɗaya. Da zarar ruwa ya zama tururi ba ya ɗaukar zafi, kan silinda na alminiyam ya lanƙwashe, gaskit ya ƙone, sai a ga farin hayaƙi a baya, baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. A filin tsere wannan shi ne ke kwana da ƙungiya tana kwance inji da tocila. A hanyar Sakkwato zuwa Jega, wadda ta bi ta Boɗinga da Shagari da Tambuwal da Aliero, shi ne ke zaunar da fasinjoji a gindin bishiya a watan Afrilu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40.

A nan akwai al'adu biyu na garejinmu da ya kamata a auna su da adalci. Na farko cire tamostat, wato ƙyauren da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, da haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa. Kanikawa na da hujja: tsohon tamostat yakan maƙale a rufe ya kashe inji cikin mintuna, kuma samun sabo mai kyau a ƙauye ba sauƙi. Amma cirewar ba ta ƙara wa lagireto ƙarfin sanyaya ruwa ko kaɗan. Abin da take yi shi ne barin inji ya daɗe yana aiki a sanyi, musamman da asubar hunturu, ya ƙara shan mai, ringi ya riƙa cinyewa, ta kuma ɓoye ainihin ciwon, wanda sau da yawa toshewar lagireto ne. Na biyu zuba ruwan rijiya tsura. Yana barin tsatsa da ɓawon gishiri a cikin siraran bututun lagireto, ƙurar hunturu da ƙaiƙayin gero kuma su like shi ta waje. Wannan na biyun ba shi da wata hujja sai tsadar ruwan sanyaya inji na kanti.

Birki ma maganar zafi ce. Aikinsa mayar da gudu ya zama zafi, kuma nauyin aikin yana ƙaruwa da nauyin mota, yana kuma ninkuwa da gudu sau kansa. Motar da ke kilomita 120 tana buƙatar birki ya haɗiye ninki biyu da kwata na abin da zai haɗiya a 80. Ƙara mata buhunan albasa a but da mutum biyu a kujerar gaba, lissafin ya sake hawa. Man birki yana tsotsar danshi daga iska. Sabon mai samfurin DOT 3 ba ya tafasa sai ya wuce digiri 205, amma wanda ya sha danshi yana iya tafasa a wajen 140. In ya tafasa, kumfa ta shiga bututu, direba ya taka ya ji ƙafarsa ta tafi ƙasa babu komai. Masu tseren juriya kan zuba sabon mai kafin gasa domin sun san haka. A wurinmu man birki ƙari ake yi masa in ya ragu, da wuya a zubar da tsohon a sa sabo, kuma idan hatsari ya auku sai a ce birki ya tsinke, kamar abin da ya faɗo daga sama.

Taya ita ce ta uku, kuma a ganina ita ta fi kashe mutane. Kowace taya tana ɗauke da lambobi huɗu a gefenta masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, da wata lambar mai nuna nauyin da za ta iya ɗauka. Lamba 91, misali, kilo 615 ce. Tayar da aka gama amfani da ita a Turai, ta yi zaman kwantena, ta zo ta hau kwalta mai ƙuna da lodi fiye da ƙima, robarta ta riga ta bushe ko da zanenta na nan. In iskarta ta yi ƙasa, gefenta ya riƙa lanƙwasa yana miƙewa a kowane juyi, zafi ya taru, wayoyin ciki su rabu da roba, ta fashe. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana jan kunne kan tsofaffin tayu, amma jan kunne bai sauko da farashin sabuwa ba.

Sauran matsalolin ƙanana ne, sai dai suna cin lokaci. Jijjiga tana kwance noti, tana tsinka tsohuwar waya. Tsatsar tanki da dattin man bumburutu suna toshe matatar mai, mota ta riƙa shiƙa. A filin tsere kwana mai tsanani kan tura baƙin mai gefe guda famfo ya tsotsi iska, a hanyoyin burji na ƙauyukan Kebbe kuwa dutse ne ke fasa kwanon man daga ƙasa. Ƙarshen duka biyun ɗaya ne, inji ya buga. A wannan fagen bakaniken bakin hanya na ƙasarmu ba shi da na biyu. Mutumin da ke gane ciwon inji da kunne, ya like yoyon tanki da sabulu, ya ɗaure salansa da waya motar ta kai gari, yana da irin ilimin da masu tseren juriya ke taƙama da shi, kuma shi kullum yake jarrabawar.

Bambancin yana wurin da aka ajiye iyaka. Masu shirya gasar Amurka sun raba kayan mota gida biyu: waɗanda in sun lalace mota ta tsaya, da waɗanda in sun lalace mutum ya mutu. Suka ƙuntata kuɗi a kan na farko, suka sake shi a kan na biyu, suka kuma sa ba motar da ke shiga fili sai an duba ta. Tsarin sufurinmu ya kifar da wannan rabo. Inji shi ke kawo kuɗi, saboda haka da ya yi tari za a nemo na gyara ko da bashi, domin motar da ba ta tashi ba ta lodi. Birki mai laushi da taya mai sanƙo kuwa ba sa hana lodi, sai a ce a lallaɓa zuwa ranar kasuwa mai zuwa. Ɗan tsere yana zagaye fili ɗaya da hular kwano da rigar da wuta ba ta ci da sauri, motar asibiti na jira a gefe, kuma shi ya zaɓi hatsarinsa. Matar da ta shiga mota daga Jabo za ta asibiti a Sakkwato ba ta zaɓi komai ba, ba ta kuma da hanyar sanin shekarun tayar da ke ƙarƙashinta.

Ba daidai ba ne a ɗora wannan duka kan halin direbobi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin mai da na kayan gyara sun cinye ribar da ke tsakanin lodi da lodi, abin da ke tura direba ga ƙarin fasinja da ƙarin gudu don ya sami sawu biyu a yini. Amma in aka bi kayan tsiran ɗaya bayan ɗaya, za a ga yawancinsu ba su ne masu tsada ba. Murfin lagireto, gwangwanin man birki, ma'aunin iskar taya a hannun mai faci, duba noti kafin a tashi, duk ba su kai kuɗin man sawu ɗaya ba, kuma ƙungiyar direbobi da ke karɓar kuɗin tasha tana da ikon hana mota shiga layi in ba ta cika su ba, ikon da jami'in kan hanya ba shi da shi. Taya ce kaɗai mai nauyi. Inda mota ta mai ita ce direba kuma balas yake kaiwa, sayenta kan faɗa tsakanin mutum biyu: mai mota yana ganin direba ne ya cinye ta da gudu da lodi, direba yana ganin jarin mai mota ne. Muddin yarjejeniyar da ke tsakaninsu ba ta faɗi wanda zai saya da lokacin da za a saya ba, tsohuwar ce za ta ci gaba da juyawa.