Yadda Farashin Gas Ya Shaƙe Cibiyoyin Motsa Jiki a Ingila

A 1960 aka buɗe cibiyar wasanni ta Harlow, arewa da Landan, wadda ake ɗauka ita ce ta farko da aka gina wa jama'ar gari. Cikin shekarun 1970 ƙananan hukumomi suka yi ta rige-rigen gina irinta: tafkin ninkaya, zauren wasanni da ɗakin ɗaga ƙarfe, duk a rufi ɗaya. Ba a maganar riba a lokacin, baitulmalin hukuma ke ɗaukar nauyi.

Gwamnatin Margaret Thatcher ce ta sauya lissafin a ƙarshen shekarun 1980, da ta tilasta wa hukumomi su riƙa ba da kwangilar gudanar da cibiyoyin ga wanda ya ci takara. A 1993 da aljihun hukumar Greenwich ya yi rauni, ma'aikata suka kafa ƙungiyar GLL suka karɓi ragamar cibiyoyin yankin.

Daga nan kowace cibiya ta koma neman abin da za ta riƙe kanta da shi. Tafki ba ya mayar da kuɗinsa: a ɗumama ruwa dare da rana, a tace shi, a zuba magani, a biya masu gadin ceto. Kuɗin wata-wata na masu zuwa ɗakin motsa jiki shi ke cike giɓin. Wato mai gudu a kan na'ura ke biya wa 'yan makaranta koyon iyo, bai ma sani ba.

Sai 'yan kasuwa suka hango inda maiƙon yake. Kamfanin The Gym Group ya buɗe reshen farko a Hounslow a 2008, ana tsakiyar karayar tattalin arziki, PureGym ya biyo baya a 2009. Ba tafki, ba yarjejeniyar shekara, ƙofa a buɗe awa 24, kuɗin wata a lokacin bai kai fam 20 ba. Suka kwashe nama suka bar wa hukumomi ƙashi.

A haka korona ta iske cibiyoyin. An rufe ƙofofi ranar 20 ga Maris 2020, ba a buɗe ba sai 25 ga Yuli, kuma an sake rufewa daga baya. Ba su gama farfaɗowa ba Rasha ta afka wa Yukren a 2022, farashin gas ya yi tashin gwauron zabo. Wasu manajoji suka rage ɗumin ruwa don su tsira. Ga shi doka ba ta wajabta wa hukumomi samar da wurin ninkaya ba kamar yadda ta wajabta kula da tsofaffi, don haka shi ake fara yankewa.

A Maris 2023 gwamnati ta ware fam miliyan 63 don tallafa wa tafkunan. Tallafin bai hana rufe cibiyar wasanni ta garin Gateshead a Yulin wannan shekarar ba. Mutanen gari ne suka haɗa kai suka sake buɗe ta a Yunin 2024.