Fure

fure (suna, namiji, jam'i: furanni). A Sakkwatanci, kamar yadda ake ji a Gidan Katta da Illela da Birnin Ƙonni: hure.

1. Ɓangaren tsiro mai launi, wani lokaci mai ƙamshi, wanda daga gare shi ake samun 'ya'ya ko iri. Misali: Wake ya yi fure, saura ƙwari su bar shi.

2. Furen taba, wanda mata ke goga wa haƙora bayan cin goro don su yi ja. Tsohuwar kwalliya ce a ƙasar Hausa.

3. Furannin da ake ɗaurewa wuri ɗaya a kai kyauta ga amarya ko mai jego ko majinyaci. Ana kuma cewa fulawa. Al'ada ce da ta shigo daga baya, ta yaɗu ta hanyar finafinai da intanet. Mai saye yana zaɓa a hoto ta WhatsApp ko Instagram, ya tura kuɗi ta banki, mai sayarwa ya ba direban mota saƙon, ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da shi ƙofar gida. Da yake zafin rana na sa ɗanyen fure ya yi yaushi a hanya, na roba ya fi jure tafiya. Misali: "Yaya, don Allah a aiko da furen da sassafe, kafin rana ta take."

Dubi: huda, lalle, zoɓo.